Faɗaɗa Gidan Gado a Ƙasar Safana da Batsari

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga tsohuwar unguwa a garin Safana ko Runka ko Batsari, ya tsaya ya ƙare wa gidaje kallo, zai ga cewa da wuya a sami gidan da aka gina shi gaba ɗaya a lokaci guda. Zauren na ƙasa ne, kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu. A gefensa akwai shago na bulo mai ƙofar ƙarfe. Daga ciki kuma ana hango rufin kwano iri biyu, wani ya yi tsatsa, wani yana ƙyalli. Baƙo yana iya ɗaukar wannan a matsayin rashin tsari ko alamar ƙarancin hali. Wannan babi zai nuna cewa al'amarin ya wuce haka: Bahaushe tun asali yakan kafa gida ne da niyyar ya yi ta girma tare da iyalin da ke cikinsa, don haka gyara da ƙari su ne hanyar da ya saba, rushewa a sake sabon gini kuwa baƙon abu ne. Za a duba dalilan hakan, da yadda ake aikin, da kuma asarar da ake tafkawa idan aka yi shi ba bisa sani ba.

Ƙananan hukumomin Safana da Batsari suna yammacin Jihar Katsina, sun yi iyaka da Jihar Zamfara ta wajen dajin Rugu. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 180,000 a Safana, da sama da 200,000 a Batsari, mafi yawansu manoma da makiyaya. A tsarin masarautar Katsina, Yariman Katsina ne hakimin Safana, Sarkin Ruma kuma hakimin Batsari.

Gida da Ɗaki a Bakin Bahaushe

Harshe da kansa ya bambanta abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Ɗaki gini ne mai bango da rufi. Gida kuwa fili ne da aka kewaye, tare da ɗakunan da ke ciki, da mutanen da ke kwana a cikinsu. Shi ya sa ake cewa maigida da uwargida da ɗan gida, kuma idan aka ce wane ɗan babban gida ne, ba tsawon katanga ake nufi ba. Magidanci yakan kira matarsa mai ɗakinsa, kayan da iyaye ke yi wa amarya kuma kayan ɗaki ne. Wato kowace mace da ɗakinta, gida kuma shi ne jimlar ɗakunan. Daga nan za a gane cewa duk auren da aka ɗaura a gida, gini ne aka yi wa alƙawari.

Akwai kuma kalmomi biyu da ke nuna abin da Bahaushe ke gudu. Kango shi ne ginin da aka bari babu kowa ciki, kufai kuwa wurin da aka taɓa zama aka tashi. Dukkansu ba a faɗinsu da daɗin rai. Idan aka ce 'ya'yan wane sun bar gidan ubansu ya zama kango, zargi ne mai nauyi, ko da kuwa kowannensu ya gina bene a Katsina ko Kaduna.

Yadda Gida Ke Girma

Tsarin gidan gargajiya sananne ne. Daga waje akwai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, wani lokaci nan ne makarantar allo ko wurin sana'a. Bayan zaure akwai ƙofar gida, filin da ake ɗaure dabbobi, ake kuma yi wa samari da baƙi ɗaki. Sai shigifa, wadda daga ita namiji baligi da ba muharrami ba ba ya wucewa. Sannan cikin gida, inda ɗakunan mata suke kewaye da tsakar gida, ga madafa, ga rumbu, ga rijiya idan akwai, ga bayan gida a can kusurwa. Abin lura a nan shi ne, ɗakunan ba su jingina da juna ta yadda taɓa ɗaya zai girgiza sauran ba. Kowane ɗaki yana tsaye da ƙafarsa. Saboda haka ana iya ƙara ɗaya, ko a rushe ɗaya, ko a sauya wa ɗaya rufi, sauran mutanen gida suna ci gaba da harkokinsu, ana daka ana girki.

A ɗauki misalin magidanci a wani ƙauye na gundumar Runka. Ya fara da ɗaki ɗaya na jinka da dangar kara. Da ya sami amfanin gona mai kyau sai ya buga tubali ya tayar da soro, tsohon ɗakin ya koma madafa. Ya ƙara aure, aka ƙara ɗaki. Yara maza suka tasa, addini kuma ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10, sai aka yi musu ɗaki a ƙofar gida. Babban ɗa ya isa aure, aka yanka masa sashe a gefen gabas, aka ja 'yar katanga don surukarsa ta sami sirri. Mahaifiyar maigida ta tsufa, aka dawo da ita kusa. Wata ɗiya aurenta ya mutu, ta dawo da goyo, aka gyara mata ɗakin ajiya. A cikin shekara 30 gidan ya tashi daga ɗaki ɗaya zuwa goma sha wani abu, kuma babu ranar da aka wayi gari aka ce yau an gama ginin gidan.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Friedrich Schwerdtfeger ya auna gidaje a birnin Zariya, ya kuma bi tarihin mazauna cikinsu, a littafinsa na 1982 ya nuna cewa yawan ɗakuna da tsarinsu suna sauyawa ne daidai da haihuwa da aure da mutuwa. Polly Hill kuma, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da birnin Katsina, ta bayyana a littafinta na 1972 cewa gandu ya fi ƙarfi tsakanin uba da 'ya'yansa masu aure, kuma ba ya cika daɗewa tsakanin 'yan'uwa bayan rasuwar uba. Wannan bayani nata yana da amfani ga mai nazarin gini, domin lokacin da gandu ya watse ne ake toshe wata ƙofa a huda wata, gida ɗaya ya koma sassa uku ko huɗu, kowane da tukunyarsa, amma zaure ɗaya.

Ba talaka kaɗai ke yin haka ba. Gidan Rumfa na Kano, wanda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sarakuna sun yi ta ƙara masa soraye da sassa har zuwa wannan zamani. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da aka tashi faɗaɗa shi a shekarun 1970 sai aka yi sabon gini ya lulluɓe babban ɓangaren tsohon, har yanzu ana iya ganin ginshiƙansa da bakan gizonsa a ciki.

Dalilan da ke Hana Rushewa

Dalili na farko da kowa zai kawo shi ne kuɗi, kuma gaskiya ne. Manomi ba ya samun kuɗi a dunƙule sai da kaka, idan ya sayar da gero ko dawa ko wake, ko ya kai sa kasuwa, ko ya dawo daga cin rani. Abin da ya samu yakan isa ɗaki ɗaya, ba ya isa gida. Kakar bana a buga bulo, ta baɗi a kai gini linta, ta gaba a yi rufi. An kuma yi dace lokacin da kuɗi ke shigowa shi ne lokacin da gini ke yiwuwa, domin tubali da yaɓe suna bukatar rana da iskar hunturu su bushe. Tsadar kayan zamani ta ƙara wa wannan hanya ƙarfi. Buhun siminti mai kilo 50 da ake saye kimanin naira 5,000 a farkon 2023, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar da faɗuwar darajar naira, ya haura naira 10,000 a watan Fabrairun 2024. Mai niyyar rushe gida mai ɗaki goma ya mayar da shi na bulo dole ya sake lissafi. Ga kuma tambayar da ba a cika yi ba sai an fara aiki: ina za a kai mutum ashirin su zauna har a gama?

Dalili na biyu ya fi na farko ɗaure kai, shi ne gado. Idan maigida ya rasu, gidan ya zama na magada bisa ƙa'idar fiƙihun Malikiyya: matan mamaci suna da tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji kuma yana ɗaukar rabon mata biyu. Amma gida ba buhun hatsi ba ne da za a auna da tiya. Sau da yawa akan yi masa kuɗi, kowa ya san rabonsa a baki ko a takarda, sannan a ci gaba da zama yadda ake. A irin wannan hali babu magaji ɗaya da ke da ikon rushe gidan, ko da shi ne mai kuɗin cikinsu. Abin da zai iya shi ne ya gyara sashen da yake ciki, ko ya sake wa mahaifiyarsa rufi. Shari'a ta kuma tanadi haƙƙin shufu'a, wato idan wani daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokan tarayyarsa suna da ikon karɓe shi a kan kuɗin da aka saya. Wannan hukunci ya taimaka ƙwarai wajen tsare gidajen gado a hannun dangi.

A nan ne kuma rigima ke ɓuya. Ɗan da ke aiki a birni ya turo kuɗi an tayar da ɗaki biyu da falo a filin da ba a raba ba. Shekaru sun wuce, an zo rabo, sai ya ce ginin nasa ne, 'yan'uwa mata kuma su ce filin da ginin ke kai na kowa ne. Dukkansu suna da gaskiya, kuma irin wannan shari'a takan raba zumuncin da gidan ya tara. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi magana kafin a haƙa harsashi: a kira magada duka, har matan da ke gidajen aurensu, waɗanda su aka fi mantawa da su, a auna wurin, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu. Kunya takan hana mutane yin haka, amma kunyar yini ɗaya ta fi sauƙi a kan zaman kotu.

Dalili na uku na wannan yanki ne musamman. Ƙasar Ruma ta san zaman ɗar-ɗar tun ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙe tsakanin Katsina da Maraɗi, sa'ad da mutane suka riƙa taruwa a garuruwa masu ganuwa. Daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu suka sake tayar da ƙauyuka da dama. A watan Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. Waɗanda suka tsere, wasu sun fake a makarantu, amma da yawa gidajen 'yan'uwa suka nufa a Batsari da Safana da Dutsin-Ma da Katsina. Gidan da aka tsara wa mutum goma sha biyar sai ya wayi gari da talatin. Aka mayar da zaure ɗakin kwana, aka kafa rumfar kwano a tsakar gida, aka raba ɗaki ɗaya biyu da zana. A waɗannan shekaru sabon gida a bakin gari ya zama abin tsoro, domin ya keɓe, kuma ƙyallinsa yana nuna cewa mai shi yana da abin hannu. Ƙari a cikin tsohon gida, a tsakiyar dangi, bayan katangar ƙasa da ba ta jan ido, ya fi kwanciyar hankali. A 2025 an ƙulla yarjejeniyoyin sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankin, amma ɗakunan da aka ƙara a lokacin gudun hijira sun riga sun zama ɓangaren gidajen.

Haɗa Tsoho da Sabo

Nan ne aikin yake bukatar sani, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ginin gargajiya yana da nasa hankali. Akan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya, sannan a jera shi a tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama. Rufin soro kuwa azara ce ke ɗauke da shi, wato gungumen giginya da aka tsaga, an fi son na namijin giginya saboda ƙarfinsa da jure wa gara. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke da ƙunci, sai fa inda gwanin magini ya yi dabarar bakan gizo ko ya kafa ginshiƙi. Daga sama a yi rawani, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango. A shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso a gidajen masu hali. Irin wannan gini yana shan zafin rana a hankali ya sake shi da dare, don haka ɗakin soro yake da sanyi a bazara, da ɗumi a hunturu. Lalurarsa ita ce yaɓe: duk shekara ko bayan shekara biyu sai an bi shi kafin ruwan Agusta.

Kwano da siminti sun yaɗu a karkara ne musamman daga tsakiyar shekarun 1970, zamanin kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji. Da su ne kalmomi irin su bulo da siminti da birkila da kafinta da silin da falo suka zauna daram a Hausa, aro daga Ingilishi. Kalmar kwano kuwa, ma'anarta aka faɗaɗa daga abin cin tuwo zuwa abin rufi. Malamin Hausa zai sami darasi guda cur a kan aro da faɗaɗa ma'ana idan ya sa ɗalibai su zagaya gidajensu su rubuto sunan kowane abu da suka gani.

Kuskure mafi yawa shi ne shafa wa bangon ƙasa fulastar siminti da zaton an huta da yaɓe. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai. Bayan damina biyu ko uku sai fulastar ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita domin siminti ya hana bangon shan iska. Daga waje bango yana nan sumul, daga ciki ƙasa ta jiƙe ta zama taɓo, gara kuma ta sami mafaka. Ranar da zai faɗi ba ya sallama. Yaɓen ƙasa kuwa, duk da wahalarsa, lalacewarsa a fili take, mai gida yana gani ya gyara. Inda ya zama dole a sa siminti, magina sukan kafa ƙusoshi ko ragar waya ko ƙananan duwatsu a jikin bangon don fulasta ta sami abin kamawa, kuma ya kamata a riƙa duba ta duk ƙarshen damina, ana ƙwanƙwasawa a ji inda ta saki.

Haka nan idan aka jingina sabon ɗakin bulo da tsohon bangon ƙasa don a rage kuɗin bango ɗaya. Tsohon ya riga ya gama zama, sabon kuwa yanzu zai fara, saboda haka mahaɗarsu takan buɗe. Gara a ba sabon ɗaki harsashinsa da bangonsa huɗu. Sai batun ruwan rufi. Kwano yana zubo da ruwa da ƙarfi a wuri ɗaya, idan bakinsa ya fuskanci gindin tsohuwar katanga, ko ta maƙwabci, damina ɗaya ta isa ta cinye ta. Kafin a ɗora rufi ya kamata a tsaya a tambayi inda ruwan zai bi har ya fita ta magudana. Wanda ya ɗaga daɓen sabon ɗaki ya fi tsakar gida tsawo, ya kuma toshe tsohuwar hanyar ruwa, ya tura ambaliya ɗakin tsohuwarsa ne bai sani ba. A irin wannan shawara bai kamata a raina matan gida ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗora bene a kan bangon da ba a gina shi don haka ba ganganci ne da rai, ko bangon na ƙasa ne ko na bulo mai inci 6. Wannan aiki ne na injiniya, ba na birkila kaɗai ba.

Abin da Ƙari ke Cinyewa

Fili ba ya ƙaruwa, ɗakuna ne ke ƙaruwa, kuma kowane sabon ɗaki daga tsakar gida ake yankarsa. Tsakar gida kuwa ita ce ɗakin da ya fi kowane aiki: nan ake daka da shanya da wanki, nan yara ke wasa, nan ake shimfiɗa tabarma da daren bazara, nan ake taron suna da zaman makoki. Matar da ke cikin kulle, tsakar gida ce sararin da take da shi. Idan aka matse ta ta koma lungu, iska ta daina ratsawa, hayaƙin murhu ya riƙa komawa ɗakuna, cututtukan da ke yaɗuwa ta numfashi irin su tarin fuka da sanƙarau da ƙyanda su sami sauƙin kama mutane. Bishiyar darbejiya ko ta mangwaro da ke ba da inuwa ita ce takan fara tafiya, sannan rumbu, sannan turken awaki.

Matsi yakan kuma kusanto da masai zuwa rijiya. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakaninsu, abin da gidaje da yawa na cikin gari ba su da filinsa. Inda tazarar ta gagara, gara a bar ruwan rijiyar ga wanki, a nemi na sha a famfon burtsatse.

Zaure ma yana cikin abin da ake asara. A bakin hanya an mayar da zauruka da yawa shaguna, a wasu gidajen kuma an rushe su an sa get ɗin ƙarfe don mota ko babur ya shiga. Kuɗin haya abu ne mai amfani, ba a musu. Sai dai zaure shi ne ke ba baƙo wurin zama ba tare da ya shiga sirrin gida ba, nan maƙwabta ke haɗuwa cin tuwon dare, nan ake sulhunta ma'aurata, nan almajiri ko matafiyi ke kwana. Falon da ya maye gurbinsa yana can ciki, sai wanda aka yi wa izini ke kaiwa gare shi. Wasu magidanta sun sami mafita ta hanyar huda wa shago ƙofa daga gefen katanga, get kuma ta ɗaya gefen, su bar zauren a tsakiya, su sake masa rufi kawai, su kuma ɗaga dakalin ƙofarsa don ruwan titi ya daina shiga.